Kibiyar da ke tsalle a gida, ta natsu a shago

Cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40 tun kafin azahar, ɗiyar yayata ta shigo shagona na gyaran kwamfuta da tata a jaka, idanunta sun yi ja. Tana shekarar ƙarshe a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, tana rubuta memuwar, wato kundin binciken kammala karatu, saura ƴan makonni ta miƙa wa malamin da ke duba aikinta. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kawu, kwamfutar nan ta hana ni barci. Ina cikin rubutu sai kibiya ta tashi da kanta ta koma wani layi, kafin in ɗago kai na zuba jimla biyu a tsakiyar wani wuri daban. Jiya kusan shafi guda ta shafe mini."

Na ce ta zauna ta sha ruwa, ta faɗa mini abin da take gani dalla-dalla. Abu uku ta lissafa. Idan ta ɗora yatsa a kan faifan yatsa, wato ɗan dandalin nan da ke ƙasan madannai wanda ke aikin suri (linzamin kwamfuta da ake turawa da hannu), kibiyar ba ta bin yatsan, sai ta yi ta karkarwa kamar mai jin sanyi, wani lokaci ta fizge zuwa kusurwar allo. Na biyu, tana danna abin da ba a ce ta danna ba, ta buɗe taga ko ta ja layi a kan rubutu. Na uku, takan ɗauki yatsa ɗaya a matsayin biyu, shafi ya ƙara girma ko ya gangara ƙasa shi kaɗai.

Kafin ta zo wurina ta riga ta kai wa wani mai gyara kusa da unguwarsu. Ya ce birus ne, ya share komai, ya sake zuba Windows. A gabanta ya gwada, kibiya lafiya lau. Ta biya, ta koma gida, bayan sallar isha'i abin ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. A cikin sharewar nan ta rasa wani fayil na amsoshin tambayoyin da ta tattaro a ƙauyukan wajen Madarunfa, sai da ta sake haɗa shi daga hotunan takardun da ke wayarta, kwana huɗu tana yi. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, har yanzu ma idan na tuna. Share kwamfuta shi ne mataki na ƙarshe, amma a wurin da yawa daga cikinmu masu sana'ar nan ya zama na farko, domin ba ya buƙatar tunani kuma akwai kuɗinsa a fili. Mai kaya kuwa shi ke kwasar asara.

Kwamfutar ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su an ɗan yi aiki da su a Turai. Inci 14, wurin ɗora hannu na alminiyom, batir a ciki wanda ba ya fita sai an kwance bayanta, Windows 10 cikin Faransanci. Na kunna ta a teburina. Na yi ta zagaya yatsa, na zana da'ira, na ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, na buɗe Word na rubuta rabin shafi. Babu ko gezau. Da batir ya yi ƙasa na jona mata cajar da nake aiki da ita a shago, domin ba ta zo da tata ba. Nan ma shiru. Ta tsaya a bayana tana rantsuwa cewa ba ƙarya take yi ba. Na ce na yarda, ai mara lafiya ma yakan ji sauƙi da ya ga likita.

Sai na bi matakan da kowa ke bi. Na goge faifan da ɗan ƙyalle mai laushi da alkol kaɗan, domin zufa da man shafawa da ƙura sukan yi masa dauɗa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a nan. Faifan ba ya jin nauyin yatsa, abin da yake ji shi ne ƴar canjin lantarki da jikin mutum ke kawowa. A ƙarƙashin fuskarsa akwai siraran layukan tagulla a jere, wasu a tsaye wasu a kwance kamar saƙar tabarma, kuma wani ɗan guntun kwakwalwa yana auna cajin da ke tsakaninsu sau da yawa a kowace daƙiƙa. Da yatsa ya kusanto, ma'aunin wurin ya sauya, sai a gane ga inda yake. Ruwa ma yana sauya ma'aunin nan. Shi ya sa wanda ya taso daga alwala hannunsa da danshi, ko wanda gumin bazara ke ɗiga daga tafinsa, zai ga kibiya na yi masa gardama. Na tambaye ta, ta ce ta lura da haka tuntuni, har tawul take ajiyewa a gefe.

Na duba ko akwai ɗan kan suri mara waya da aka manta a ramin USB, domin na sha ganin wanda surinsa ke kunne a cikin jaka yana motsi, shi kuma yana nan yana zargin aljanu. Babu. Allonta ba na taɓawa ba ne, don haka ba daga can ake samun dannawar ƙarya ba. Na shiga Gestionnaire de périphériques, inda Windows ke jera kayan cikin kwamfuta, na ga faifan yana nan ba tare da alamar rawaya mai nuna matsala ba. Irin na zamani ne wanda Windows ke tafiyar da shi kai tsaye, tsarin da Microsoft ta shigo da shi tare da Windows 8.1 a 2013. Tsofaffin kwamfutoci su ne suka dogara da manhajar kamfanin da ya ƙera faifan, Synaptics ko ELAN ko Alps, kuma a irinsu idan aka sake zuba Windows ba a sa manhajar ba, faifan yakan daina bambance tafin hannu da yatsa, mutum na rubutu gefen hannunsa na tura kibiya. Tunanina ya tafi can. Na shiga Paramètres, sashen Pavé tactile, inda ake zaɓar ƙarfin jin faifan cikin matakai huɗu, na sauke shi zuwa na ƙasa. Na kashe dannawa ta hanyar ƙwanƙwasa yatsa. Na ce ta je ta gwada.

Kuskurena ke nan a wannan aiki, kuma ina faɗarsa domin wani ya kauce masa. Na ba da magani ga ciwon da ban gani da idona ba. Mutum biyu sun gwada na'urar nan a shago biyu ta yi lafiya, mai ita kuma ta ce kullum a gida take yi mata haka. Wannan kaɗai ya isa ya sa in tambayi abin da ke gida wanda ba ya shago. Ruwa ba ya tsami banza.

Wajen ƙarfe tara na dare ta kira ni. "Kawu, ta fara." Muryarta na rawa. Na ce ta bar wayar a kunne, ta ɗora yatsa ta faɗa mini abin da take gani. Ta ce kibiya na tsalle. Na ce, "Ɗiyata, caja na jone yanzu?" Ta ce ai kullum a jone take. Na ce ta zare ta daga jikin kwamfutar. Na ji shiru na ɗan lokaci, sai ta ce, "Ta tsaya." Na ce ta mayar. "Ta dawo." Sau uku muka yi haka, sau uku amsa ɗaya. Gwajin bai kai minti biyu ba, bai ci ko dala ba, kuma da an yi shi tun farko da fayil ɗinta na nan.

Mai karatu zai ce ta yaya ita kanta ba ta lura ba tsawon makonni? Dalilin shi ne batir ɗinta ba ya kai minti ashirin. Saboda haka a gida ba ta taɓa buɗe kwamfutar ba tare da ta fara jona caja ba, abin ya zame mata jiki kamar sa takalmi kafin fita. A jami'a kuwa takan ari cajar wata ƙawarta mai irin kan tata, don kada ta riƙa yawo da nauyi. Haka wurin mai gyara na farko, haka wurina. Duk inda kwamfutar ta yi lafiya, cajarta ba ta je wurin ba. An bar jaki ana ta dukan taiki.

Washegari da la'asar na hau kabu-kabu zuwa gidansu a unguwar Zariya, da mitar awo da cajata a jaka. Bayan mun gaisa da Yaya na ce a nuna mini daidai inda take zama da yadda take jonawa, kada a gyara komai don zuwana. Ɗakin simintin ƙasa ne, an shimfiɗa tabarma a rabi. Tana zama a bakin tabarmar, ƙafafunta babu takalmi a kan siminti don sanyinsa, kwamfuta a kan ɗan ƙaramin tebur. Wayar cajar mai kai uku ce masu faɗi, irin na Najeriya. An cusa ta cikin ƴar adafta mai ƙafa biyu zagayayyu don ta shiga irin soket ɗinmu, adaftar a cikin doguwar waya mai ramuka huɗu, ita kuma a bango. A kan doguwar wayar nan akwai fanka da cajar waya guda biyu. Wannan haɗi kusan kowane gida a Maradi akwai shi, domin kayanmu rabi daga Kano da Katsina suke shigowa ta Jibiya da Dan Isa, gidajenmu kuma an yi musu waya irin ta Faransa. Ƙafa ta uku, wadda ita ce ke haɗa na'ura da ƙasa, a nan cikin adafta take mutuwa.

Na ce ta kunna ta ɗora hannu yadda ta saba. Kibiya ta fara rawa nan take. Na tambaye ta ko tana jin wani abu a wuyan hannunta idan ya taɓa alminiyom ɗin. Ta ce eh, kamar tururuwa na tafiya a fata, ta ɗauka haka duk kwamfutoci suke. Na cire takalmina na shafa bayan yatsana a gefen, na ji wannan ɗan kaikayin mai kama da gurzar yashi. Sai na ce ta kama bakin ƙarfen ramin USB da yatsan hagu ta riƙe, ta motsa kibiya da na dama. Rawar ta ragu sosai. Ta saki, ta dawo. Na ce ta ɗaga ƙafafunta ta ɗora a kan katifa, ta sake gwadawa. Ta ragu, amma ba ta tafi ba.

Ga abin da ke faruwa. Cajar kwamfuta tana karɓar wutar gari, wadda a ƙasar nan volt 220 ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta mayar da ita wajen volt 19 ko 20 mara juyawa. HP da Dell galibi 19.5 suke amfani da shi, Lenovo 20, Acer da Asus 19. Ba da babban taransifoma take wannan aiki ba kamar rediyon da, tana yanka wutar ne tana kunnawa da kashewa dubun-dubatar sau a daƙiƙa guda. Yankan nan yana haifar da hayaniyar lantarki. Caja ta gari tana da matatai a ciki da ke tare hayaniyar, abin da ya saura kuma ƙafa ta uku ta zubar da shi ƙasa. Idan babu matatai kuma babu hanyar ƙasa, sai gangar jikin kwamfutar gaba ɗaya ta riƙa hawa da sauka da wannan hayaniya. Ita kwamfutar ba ta damu ba, domin komai na cikinta tare yake hawa da sauka. Amma mai zaune da ƙafa a siminti yana haɗe da ƙasa, jikinsa a tsaye yake wuri ɗaya. Da ya ɗora yatsa, faifan da aka gina shi don ya ji canji ɗan mitsitsi sai ya ji gagarumin bambanci yana kaɗawa tsakaninsa da yatsan, ya kasa rabe yatsa da hayaniya. Kamar mai sauraron raɗa ne a tsakiyar Babbar Kasuwa. Kama ƙarfen USB da ɗaya hannun yana haɗa jikin mutum da jikin kwamfutar su riƙa tafiya tare, shi ya sa kibiya ke natsuwa.

Na sa mita a ma'aunin wuta mai juyawa, bakinta ɗaya a ƙarfen USB, ɗayan a wani rodi da na buga a jiƙaƙƙen wuri gindin randa. Ta nuna kusan volt 100. Yaya ta zabura ta ce ashe wuta yarinyar ke taɓawa. Na kwantar mata da hankali cewa ƙarfin da ke bayan wannan adadi ƙanƙane ne ƙwarai, yana yoyowa ne ta wani ɗan kafasita, ƙaramin abu mai riƙe caji, da ke tsakanin ɓangaren wutar gari da ɓangaren kwamfuta, kuma ko caja ta asali mara hanyar ƙasa takan nuna kusan rabin wutar gari a irin wannan awo. Amma na gaya mata gaskiya cewa amincin abin ya dogara ne da ingancin wannan kafasita da tazarar da aka bari tsakanin ɓangarorin biyu. A caja ta gari an yi su ne yadda ko sun lalace ba za su tura cikakkiyar wuta ga mutum ba. A ta jabu babu wanda zai ba ka wannan tabbaci.

Sai na jona tawa cajar a soket ɗin nasu, ta cikin adaftar da doguwar wayar, ban canza komai ba. Kibiya ta bi yatsa sumul. Idan aka tsayar da yatsa cak aka zuba ido, ana ganin ɗan motsi kaɗan, kuma kaikayin alminiyom bai tafi duka ba. Na ɗauki tata cajar na tafi da ita shago, inda soket ɗina ke da hanyar ƙasa ta gaske da na sa aka yi mini tun buɗe wurin. Da safe ta kawo kwamfutar muka jona. Kibiya ta yi ta tsalle a teburina, a karo na farko na ga ciwon da idona a shago. Wannan ya raba gardama. Babban mai laifi caja ce, rashin hanyar ƙasa a gida yana ƙara mata ƙarfi ne kawai.

Amma ya aka yi hanyar ƙasa ta shagona ba ta taimaka mata ba ko kaɗan? Na fasa cajar don in gani, tunda dai ba za ta sake aiki da ita ba. Ta saye ta ne watanni uku da suka wuce bayan ta asali ta ɓace, a kuɗin da bai kai rabin na mai kyau ba, kuma a jikinta an buga tambari da lambobi tsaf, 19.5V, 3.33A, wato wat 65. A ciki, ƙafa ta uku tana nan a bakin shiga amma ba a haɗa ta da komai ba, ƙarfe ne a tsaye cikin roba. A kan allon kayan akwai wurare da aka zana aka rubuta musu lamba, inda ya kamata naɗaɗɗiyar waya mai tacewa da kafasitocinta su zauna, an bar su fayau, an tsallake da guntun waya. An manna wani ɗan falle na ƙarfe a murfin don ta yi nauyi a hannun mai saye. Kumburin nan da ke kan waya kusa da kai, wanda a ta gari baƙin zoben ferit ne a ciki mai shanye hayaniya, na yanka shi da reza na tarar roba ce zalla. Na jera su a kan tebur na kira yaran shagona biyu su gani, domin su ne gobe za a tura sayo wa mutane caja. Araha ba ta ado, amma wannan ya wuce maganar araha, an zauna ne an tsara yadda za a yaudari hannu da ido.

Da a nan na tsaya da na ce aiki ya ƙare. Sai dai tun ranar farko akwai abin da yatsana ya ji ban ba shi muhimmanci ba. Kusurwar hagu ta ƙasan faifan tana da tauri, sai an danna da ƙarfi kafin ta yi ƙas, alhali ta dama tana dannuwa da sauƙi. Da cajata mai kyau, a shagona mai hanyar ƙasa, na ja fayil daga wannan wuri zuwa wancan, sai ya ƙi sakuwa, kamar har yanzu ana danne da maɓallin. Na kwantar da kaina daidai da tebur na hango faifan ta gefe. Bakinsa na hagu ya ɗago sama da alminiyom ɗin kamar kaurin katin waya. Na rufe kwamfutar na danna kusurwoyinta, ta yi rangaji a kan tebur mai shafe. Na tuna maganar batir da ba ya kai minti ashirin.

Na buɗe taga ta umarni na rubuta powercfg /batteryreport, wanda ke fitar da rahoton batir a Windows. Abin da batir ɗin ke iya ɗauka yanzu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka ƙera shi da shi ba. Na kashe ta, na kwance sukurorin baya. Tun kafin in cire na ƙarshe murfin ya turo kansa sama. Batir ɗin, wanda ya kamata ya kwanta shafal kamar littafi, ɗaya daga cikin ɗakunansa ya kumbura kamar fanke, kuma daidai ƙarƙashin faifan yatsa yake. A yawancin siraran kwamfutocin yanzu nan ne mazauninsa. Batirin lithium idan ya tsufa, ko ya daɗe cikin zafi a cike fal, ruwan sinadarin cikinsa yana lalacewa ya fitar da iska, jakar kuma a rufe take ruf, sai ta kumbura. Duk sharuɗɗan sun cika a nan: kullum a jone, ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, kuma da rana takan ɗora kwamfutar a kan katifa inda ramukan shan iska ke toshewa.

Na zare wayarsa daga uwar allo tukuna, na kwance shi a hankali ba tare da na lanƙwasa shi ko na sa masa tsinin sukurdireba ba. Kumburarren batir idan aka huda shi yana iya kamawa da wuta, kuma ba a mayar da shi daidai ta hanyar dannewa ko fitar da iskar. Na taɓa jin yaro yana ba da shawarar a soka masa allura ya sace. Kada kowa ya yi wannan. Tunda ina ciki na duba siririyar wayar faifan mai kama da zirin leda, na buɗe maƙallinta, na goge bakin, na mayar na kulle. Na ɗaure ƙananan sukurorin da ke riƙe faifan da jikin ƙarfe, domin ta nan shi ma yake samun haɗinsa da gangar kwamfutar, kuma ɗaya ya yi sako-sako saboda turin da batir ke yi. Na rufe, na kunna da caja kaɗai. Faifan ya koma mazauninsa, hagu da dama suna ƙas iri ɗaya. Na mayar da ƙarfin jinsa matsakaici kamar yadda yake tun asali, na kunna ƙwanƙwasawar da na kashe mata ba gaira ba dalili.

Ciwo biyu ne ke nan suka haɗu a wuri ɗaya, kowanne da alamarsa. Karkarwa da tsalle da ɗaukar yatsa ɗaya a matsayin biyu na caja ne, suna zuwa da ita suna tafiya da ita. Taurin dannawa da jan layi a kan rubutu na batir ne, suna nan ko da caja ko babu. Shafin da ya goge mata kuwa aikin su biyun ne: maɓalli ya maƙale a danne, kibiya ta fizga ta ja layi a kan rubutun, ita kuma idonta na kan takarda ta buga harafi na gaba, ya maye gurbin duka. Na nuna mata cewa a irin wannan hali Ctrl da Z suna dawo da abin da ya tafi, in dai ba a rufe fayil ɗin ba. Ta dafe kai, ta ce da ta sani.

Sai maganar kuɗi. Yaya ta ce, "Ƙanena, ka san halin da ake ciki, ba za a iya biyun a wata ɗaya ba. Wanne ne gaba?" Na ce caja. Kwamfuta tana aiki babu batir, amma ba zan bari yarinya ta ci gaba da ɗora hannu a kan abin da na ga cikinsa ba. Na samo mata ta asali ta hannu, wadda aka ciro tare da irin kwamfutarta. A ganina tsohuwar ta asali ta fi sabuwa fil a kwali wadda ba a san inda aka yi ta ba. Kafin in ba ta na auna da mita tsakanin ƙafa ta uku da bakin ƙarfen kan da ke shiga kwamfuta, na ga akwai haɗi. Na sauya mata wayar bango da mai kai irin namu mai hanyar ƙasa, aka jefar da adaftar.

Zama babu batir yana da nasa haɗari, musamman a bazara da wuta ke yawan ɗaukewa: kuran na tafiya kwamfuta na mutuwa nan take. Word yana ajiye kwafin ceto duk minti 10 idan ba a taɓa saitinsa ba, na mayar da shi minti 2. Na ce kowane dare ta kwafe memuwar a kile, wato ƴar ma'ajiyar USB, ta kuma tura wa kanta ta imel. Na gargaɗe ta game da ƙaramin gurup, wato injin ba da wuta, na maƙwabcinsu da suke jawo waya daga gare shi idan an ɗauke wuta, da kuma ƙananan inbata masu araha da ake haɗawa da batirin sola don a samu wuta irin ta gari, domin wutarsu ba ta fita sumul, kuma ko da caja mai kyau kibiya takan ɗan yi rawa a kansu. Idan dole ta yi aiki a kan irin wannan wuta, ta sa suri mai waya ta kashe faifan. Shi suri haske yake bi, ba ruwansa da wannan hayaniya. Na ba ta ɗaya daga cikin na shago.

Hanyar ƙasa ta gidan ita ce ta rage. Na buɗe soket ɗin bango na ga waya biyu ce kawai ta iso, tsinken ƙasa yana nan ba a haɗa masa komai ba. Wani ɗan unguwa ya ce a haɗa tsinken da wayar sanyi, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, a huta. Na hana, domin ranar da wayar sanyi ta tsinke a wani wuri, ko aka juya wayoyin a wajen gyara, cikakkiyar wuta za ta hau jikin duk abin da ke jone. Aikin mai gyaran wuta ne ya buga sandar tagulla a ƙasa ya ja waya ta uku har soket, kuma a yashin Maradi da ke bushewa ƙayau da rani sai sandar ta nutsa sosai kafin ta yi amfani. Gidan na haya ne, mai shi ya ce a bari sai ya dawo daga tafiya. Kafin nan na ce ta riƙa zama a kujera da silifas na roba a ƙafa, ta raba cajar da doguwar wayar fanka.

Batir ya iso daga Kano bayan mako uku, ta riga ta miƙa babi biyu a lokacin. Na sa mata, na ce ta daina ɗora kwamfutar a katifa, kuma idan ta gama aiki ta zare caja maimakon ta kwana a jone. Tsohon batir ɗin yana bayan shago cikin bokitin ƙarfe da na cika da yashi, a inuwa, tare da wasu guda biyar irinsa da na ciro a wannan bazarar.